Gwajin DNA Na Kansar Ƙashi Da Tsoka: Yadda FISH, PCR Da NGS Ke Gano Ainihin Sunan Ƙari

Duk wanda ya san Aliero ya san ta da abu biyu: albasa da ɗori. Daga Jega, daga Maiyama, har daga maƙwabtan ƙasashe ake kawo masu karaya wurin maɗoran garin. Mafi yawansu karaya ce ta gaske, ko faɗuwa daga babur, ko hatsarin mota, ko buguwa a filin ƙwallo. Sai dai a cikinsu akwai 'yan ƙalilan da ba buguwar ce ta karya ƙashin ba. Wani abu ne ya daɗe yana cin ƙashin ta ciki, buguwar ta zo ta ƙarasa.

A ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 16 a Maiyama. Gwiwarsa ta kumbura bayan wasan ƙwallo, aka ce targaɗe ne. Aka ja, aka shafa magani, aka ɗaure. Wata biyu kumburin bai saɓe ba sai ƙaruwa, ciwon kuma ya fi tsananta da dare, lokacin da ya kamata a ce ƙafa ta huta. A irin wannan hali tambayar da ke gaban likita ita ce: ƙari ne? Idan ƙari ne, wane iri? Amsar tambaya ta biyu ce ke nuna maganin da za a bayar, kuma a yau wani ɓangare na amsar daga cikin DNA ake karanto shi.

Mece ce sakoma?

Kansar da ke tashi daga ƙashi, guringuntsi, tsoka, kitse ko jijiya ita likitoci ke kira sakoma. Ba ta da yawa: kusan kashi 1 cikin 100 ce ta kansar manya, amma a yara da matasa kasonta ya fi haka nesa. Matsalarta ita ce ba cuta ɗaya ba ce. Ta haura iri 70, kuma da yawansu kama suke yi da juna idan aka duba a madubin likita.

Akwai wani rukuni da ƙwayoyinsa ƙanana ne, zagayayyu, masu shuɗi-shuɗi bayan an rina su. Sakomar Ewing na cikin rukunin, haka wata kansar tsoka ta yara, haka wata kansar jini. A ido kusan ɗaya suke, amma magungunansu daban. Kamar wayoyi uku ne masu baƙin murfi iri ɗaya: sai an shiga saitin kowace an duba lambar samfurinta kafin a san manhajar da za ta karɓa. Wanda ya taɓa ɗora wa waya manhajar da ba tata ba ya san sakamakon.

DNA a taƙaice

A cikin kusan kowace ƙwayar jikin mutum akwai DNA, wato rubutaccen umarnin da ƙwayar ke bi. Haruffa huɗu kacal ake rubuta shi da su: A, C, G da T. Jimillarsu ta kai kusan biliyan 3. Idan aka matse su a fayil, ba za su cika gigabait ɗaya na memori ba. An raba rubutun a foldoji da ake kira kuromosom, tagwaye 23, kuma a cikinsu akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000, kowace da aikinta.

Kansa tana farawa ne idan kuskure ya shiga wannan rubutu a cikin ƙwaya guda, ta kama hayayyafa ba tsayawa. A kusan kashi ɗaya cikin uku na sakoma, kuskuren iri ɗaya ne: kuromosom biyu su karye, su yi musayar guntaye, kan wata ƙwayar gado ya liƙe da wutsiyar wata. Yanka da liƙawa ke nan a wurin da bai dace ba. Abin da ya fito sabon umarni ne da babu shi a jikin mai lafiya, kuma kowace sakoma da irin nata haɗin. Shi ya sa haɗin ya zama kamar zanen yatsa.

Sakomar Ewing ce fitaccen misali. Likita James Ewing na Amurka ne ya bayyana ta a 1921. A 1983 aka gano cewa kuromosom na 11 da na 22 ne ke musayar guntaye a cikinta. A 1992 Olivier Delattre da abokan aikinsa a birnin Paris suka gano ƙwayoyin gadon biyu da ke haɗuwa, wato EWSR1 da FLI1. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu wannan kansa suna ɗauke da wannan haɗi, a yawancin sauran kuma EWSR1 ce ke haɗuwa da wata 'yar uwar FLI1.

Ya kamata a bambanta wannan gwaji da wasu biyu da aka fi sani. Ba gwajin jinotaif ba ne na AA, AS da SS da ake yi kafin aure, ba kuma gwajin tabbatar da uba ba ne. Waɗancan suna duba abin da mutum ya gada. Wannan kuwa kuskuren da ya faru a cikin ƙarin kansa yake nema, shi ya sa da tsokar ƙarin ake yin sa. Irin wannan haɗi ba a gadonsa daga iyaye, ba a kuma ba wa 'ya'ya.

Matakin da ke gaban komai

Babu gwajin DNA sai da samfur. Bayan hoton ƙashi, da hoton MRI ko CT idan da hali, likita zai ciro ɗan guntun ƙarin da allura mai kauri ko da ƙaramar tiyata. Wannan shi ne bayofsi. Za a jefa guntun cikin ruwan fomalin, a daskarar da shi a cikin kaki ya zama ɗan bulok da bai kai gidan ashana ba, a fere shi siri-siri, a ɗora kan gilashi, a rina, likitan gwajin tsoka ya duba.

Daga nan sai wani rini na musamman da ake kira IHC, wanda ke nuna irin furotin ɗin da ƙwayoyin ke yi. Ya fi gwajin DNA araha, kuma sau da yawa shi kaɗai ya isa. Idan aka yi waɗannan biyu shakka ta rage, sai a koma ga DNA.

Hanya ta farko: FISH

FISH gwaji ne na fitila. Ana haɗa wasu gajerun guntayen DNA masu ƙyalli, waɗanda ba sa liƙewa sai a wurin da aka nufa. Don neman karayar EWSR1, sai a liƙa ja a gefe ɗaya na ƙwayar gadon, kore a ɗaya gefen, a duba a ƙarƙashin madubi mai haske na musamman. Idan ƙwayar gadon lafiya take, ja da kore na manne da juna, har su yi kamar ɗigon rawaya. Idan ta karye, za a ga ja can, kore can.

FISH na kuma iya ƙirga. Akwai kansar kitse da ke kama da ƙullutun kitse na yau da kullum marar illa. Bambancinsu shi ne a mai kansar, ƙwayar gado MDM2 da ke kuromosom na 12 ta yi kwafin kanta da yawa. Maimakon ɗigo biyu, sai a ga tarin ɗigo.

Amfanin FISH shi ne yana aiki da bulok ɗin kaki, kuma sakamako na fita cikin 'yan kwanaki. Rauninsa: tambaya ɗaya yake amsawa a lokaci guda, kuma yana iya nuna cewa EWSR1 ta karye ba tare da faɗin wadda ta liƙe da ita ba. Tunda EWSR1 na karyewa a wasu ƙararrakin da ba Ewing ba, dole a haɗa sakamakon da abin da madubi ya nuna.

Hanya ta biyu: PCR

Kowa ya ji sunan PCR a 2020 lokacin korona. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita a asibitocin Najeriya ma da wannan fasaha take aiki. Kary Mullis ne ya ƙirƙiro ta a 1983, ya samu kyautar Nobel a 1993. Injin kwafi ne: a ba shi ɗan guntun rubutu, ya ninka shi sau biyu a kowane zagaye. Zagaye 30 na iya mayar da kwafi ɗaya ya haura biliyan ɗaya.

A sakoma, mahaɗar ake nema, wato daidai inda ƙwayoyin gado biyu suka liƙe. Ana sa alama ɗaya a ɓangaren EWSR1, ɗaya a ɓangaren FLI1. A jikin mai lafiya waɗannan biyu ba a folda ɗaya suke ba, don haka injin ba zai kwafi komai ba. Idan kwafi ya fito, haɗin yana nan. Haka ake neman haɗin SS18 da SSX, wanda ke cikin sama da kashi 90 cikin 100 na sakomar sinobiyal, kansar da ke yawan fitowa kusa da gaɓoɓin matasa.

PCR na da sauri da araha idan aka kwatanta da hanya ta uku. Amma kamar neman suna ne a waya: abin da aka rubuta kawai zai fito. Idan haɗin ya zo da wata siga da ba a sa alamarta ba, zai wuce ba a gani ba.

Hanya ta uku: NGS

NGS karatu ne na jumla. Maimakon neman kalma ɗaya, sai na'ura ta yayyanka DNA ko RNA zuwa miliyoyin gajerun guntaye, ta karanta su gaba ɗaya, sannan manhaja ta jera kowane guntu a kan taswirar DNA ɗin ɗan adam. Idan aka samu guntun da rabinsa na kuromosom na 22 ne, rabinsa na 11, an kama haɗin ke nan. Gwaji guda na iya duba ƙwayoyin gado gommai ko ɗaruruwa, har ya gano haɗin da likita bai yi zato ba.

Aikin karanta DNA ɗin ɗan adam na farko, wanda aka kammala a 2003, ya ci kusan dala biliyan 3. Yanzu ana karanta na mutum guda a ƙasa da dala 1,000. Duk da haka NGS ce mafi tsada a cikin ukun, takan ɗauki mako biyu ko uku, kuma tana buƙatar wuta marar yankewa da wanda ya iya sarrafa bayanai. Rabin aikin a kwamfuta ake yin sa.

Ina ƙirƙirarriyar basira ta shigo?

Akwai wata sabuwar hanya da ba haruffan take karantawa ba, saitin take dubawa. A kan DNA akwai wasu alamomin sinadari da ke kunna wasu ƙwayoyin gado, su kashe wasu, kuma kowane irin ƙari da tsarin nasa. A 2021 masu bincike a Heidelberg ta Jamus suka fitar da manhajar da aka koyar da samfuran sakoma sama da 1,000, aka raba su aji 62. Idan aka ba ta bayanan sabon samfur, sai ta faɗi ajin da ya fi kama da shi, da makin tabbacinta. Taimaka wa likita take yi, hukunci na ƙarshe nasa ne.

Shin sunan yana canja magani?

Ƙwarai. Wani bincike da aka yi a Faransa mai suna GENSARC, wanda aka buga a 2016, ya bi marasa lafiya 384 da ƙwararrun likitocin sakoma suka riga suka duba samfuransu. Bayan gwajin ƙwayoyin gado, sai da aka canja sunan cutar mutum 53, kusan kashi 14 cikin 100. Ga wasu misalai na yadda sunan ke aiki:

- Sakomar Ewing tana jin gashin na'ura sosai, kansar ostiyosakoma kuwa ba ta cika ji ba, kuma haɗin magungunan kemo na kowace daban ne.
- Kansar GIST, da ke fitowa a ciki ko hanji, yawanci kuskure ne a ƙwayar gado KIT, kamar yadda masu bincike a Japan suka gano a 1998. Ƙwayar imatinib da ake haɗiya tana toshe wannan kuskure, kuma an amince da ita don GIST a 2002. A Najeriya gidauniyar Max ta daɗe tana tallafa wa marasa lafiya da wannan magani ta asibitin koyarwa na Ile-Ife.
- Kansar fata ta DFSP ta fi yawa a baƙar fata, kuma a farko takan yi kama da tabon da ya yi tudu. Tana da haɗin COL1A1 da PDGFB. Tiyata ce maganinta, amma idan ta gagari wuƙa, imatinib na aiki a kanta.
- Wata sakomar jarirai tana da haɗin ETV6 da NTRK3. A 2018 Amurka ta amince da maganin larotrectinib don ƙararrakin da ke da haɗin NTRK.
- A kansar tsoka ta yara, samun haɗin PAX3 da FOXO1 alama ce cewa cutar za ta yi taurin kai, don haka akan tsananta magani.

Abin da gwajin ba zai yi ba

A nan ya kamata a koma kan saurayin Maiyama. Kansar ƙashi da ta fi kama matasa ita ce ostiyosakoma, kuma kewayen gwiwa ta fi so. Ita ba ta da haɗi guda da za a nema. DNA ɗinta a hargitse yake gaba ɗaya, kamar fayil ɗin da ya lalace ta ko'ina. Da hoton ƙashi da madubin likita ake gane ta. Sakomar Ewing kuma, duk da shahararta a littattafai, ba ta da yawa a 'yan Afirka idan aka kwatanta da Turawa.

Ke nan ba kowane mai ƙari ke buƙatar gwajin DNA ba. Haka kuma ba kowane kumburin ƙashi ne kansa ba. Ƙwayoyin cuta kan shiga ƙashi su tara ruwa, musamman a masu sikila, tarin fuka ma yakan kama ƙashi. Inda DNA ke taimakawa a nan shi ne ware masu kama da juna. Misali, akwai wani ƙarin ƙashi mai manyan ƙwayoyi da ke fitowa kusa da gwiwar matasa manya, wanda yawanci ba ya yaɗuwa. Sama da kashi 90 cikin 100 nasa na da kuskure a ƙwayar gado H3F3A, kuma yanzu ana iya gano wannan da rinin IHC. Bambanta shi da ostiyosakoma na iya zama bambanci tsakanin a kankare ƙashi da a shiga watanni ana kemo.

Daga Jega zuwa ina?

Hanyar takan fara daga babban asibiti mafi kusa, inda za a ɗauki hoton ƙashi. Daga nan sai Birnin Kebbi, da bai kai awa ɗaya daga Jega a mota ba, inda asibitin koyarwa na tarayya da asibitin Sir Yahaya suke. Asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen gwajin tsoka da sashen gashin kansa, kuma hanyarsa daga Jega ta Aliero take bi. A Kano akwai asibitin ƙashi na Dala.

Gwajin FISH da NGS na sakoma bai wadata a Najeriya ba tukuna, shi ya sa sau da yawa ƙasashen waje ake aika samfur ta hannun manyan ɗakunan gwaji. Abin lura a nan shi ne ba marar lafiya ne ke tafiya ba, bulok ɗin kaki ne. Ana iya sa shi a ambulan, ba ya buƙatar firij, kuma yana shekaru ana amfani da shi. Amma sai an kula da shi tun farko:

1. Duk abin da aka ciro daga jiki a kai shi gwaji. Ƙullutun da aka yanke aka binne ko aka zubar ya tafi da amsarsa.
2. A sa samfurin cikin fomalin nan take. Ruwan gishiri ko barinsa a fili na lalata shi. Daɗewa da yawa a fomalin ma na ɓata RNA, don haka a gaggauta kai shi ɗakin gwaji.
3. Ƙashi sai an tausasa shi kafin a iya fere shi. Asid mai ƙarfi na yin haka da sauri, amma yana lalata DNA. Sinadarin EDTA ya fi jinkiri, amma yana barin DNA lafiya. Iyali na da damar tambayar likita ko za a ware wani guntu don gwajin ƙwayoyin gado.
4. Ya fi kyau a yi bayofsi a asibitin da za a yi babbar tiyatar, domin wurin da allura ta bi ma sai an yanke shi daga baya.
5. A ɗauki hoton takardar sakamako da lambar bulok ɗin a waya, a ajiye a Google Drive ko a tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp. Da wannan lamba ake neman bulok idan wani likita zai sake dubawa.

Alamomin da ba a jira da su

Ƙullutun da ya kai girman ƙwan kaza, wato kusan santimita 5, ko yake ƙaruwa, ko yake can cikin tsoka, ko ya dawo bayan an cire. Ciwon ƙashi da ke tayar da mutum daga barci, ya yi makonni bai tafi ba. Ƙashin da ya karye da 'yar buguwar da ba ta isa karya ƙashi ba. Karayar da aka ɗora ta ƙi kamawa, kumburi na ƙaruwa. Duk ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a nemi hoton ƙashi, ko kafin ɗori ko ana cikinsa.

Dalilin gaggawar a lissafi yake. Inda ake samun cikakken magani, masu ostiyosakoma da aka kama kafin ta yaɗu, kusan 60 zuwa 70 cikin 100 na haura shekara biyar a raye, kuma yawancinsu ba a yanke musu ƙafa. Idan ta riga ta kai huhu, adadin yakan sauko zuwa 20 ko 30. Babu na'urar da ke dawo da watannin da aka ɓata.

Damar da ke gaban matasa

Jihar Kebbi ba baƙuwa ba ce a maganar kansa. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara kuma matar tsohon gwamnan jihar, ita ta kafa gidauniyar Medicaid mai yaƙi da kansa, kuma a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya, UICC.

Su ma na'urorin ƙanƙancewa suke yi. MinION ta kamfanin Oxford Nanopore ba ta kai girman waya ba, da USB ake jona ta da laptop, kuma an karanta ƙwayar cutar Ebola da ita a Gini a 2015. A Maris na 2020, cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta fitar da karatun ƙwayar korona na farko a Afirka. Ke nan ana yin irin wannan aiki a cikin Najeriya.

Abin da ake nema shi ne hannu: ma'aikacin lab da ya san yadda ake adana samfur, da mai kwamfuta da ya iya Python da Linux zai tace bayanan da na'ura ta fitar. Ɗalibin kwalejin kimiyyar lafiya da ke Jega, da ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, duk suna da wurin shiga. Manhajojin da ake wannan aiki da su, da yawansu kyauta ne a intanet, haka ma bayanan gwaji na koyo.

Kafin na'urorin su iso kuwa, abin da ke hannun kowane gida bai canja ba: hoton ƙashi da wuri, bayofsi a inda ya dace, da bulok ɗin kaki da aka san lambarsa.